Suna ko Kalma? Nazari kan Sunayen Mutane Masu Siffar Kalmomin Yau da Kullum a Birnin Kebbi da Argungu

Tsakure

Wannan takarda ta dubi sunayen mutane waɗanda a lokaci guda kalmomi ne da ake amfani da su kullum, irin su Bawa, Baƙo, Kyauta, Azumi da Giwa, kamar yadda ake jin su a ƙasar Kabi. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ƙamus kaɗai ba ya isa a san ma'anar irin wannan suna, sai an san abin da ya faru a gidan da aka yi haihuwar. Ta raba sunayen da suka fito daga kalmar da gaske da waɗanda kama ce kawai ta haɗa su, sannan ta duba abin da rubutun boko da takardun hukuma suka yi musu.

1. Gabatarwa



A 1931 P. G. Harris, ɗaya daga cikin jami'an Turawa da suka yi aiki a lardin Sakkwato, ya buga ɗan gajeren rubutu a mujallar Man kan sunayen gargajiya na Hausawa. Shi ne kuma a 1942 ya yi rubutu kan masuntan Kabi. Kafinsa Tremearne ya taɓo zancen suna a littafinsa na 1913 kan al'adu da camfe-camfen Hausawa, Bargery ya zuba sunaye da dama a ƙamusunsa na 1934, daga baya Pauline Ryan a 1981 da Paul Newman a 2000 suka yi nasu. Ke nan ba fili ne da ba a taɓa nomawa ba. Sai dai yawancin abin da ke hannunmu, har da na ɗalibanmu a jami'o'i, jeri ne: ga suna, ga ma'anarsa a gefe. Jeri yana da amfani, amma yakan sa mai karatu ya ɗauka kowane Bawa dalili ɗaya ya sa aka kira shi Bawa, kuma ba haka abin yake ba.

Na zaɓi Birnin Kebbi da Argungu ne saboda garuruwan biyu, duk da kusancinsu a bakin fadama ɗaya, tarihi ya ba su fada biyu. Birnin Kebbi ta faɗa hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, daga baya ta zama mazaunin Sarkin Gwandu. Gidan Kanta kuwa ya koma Argungu ya ci gaba da riƙe sarautar Kabi. Ga Fulani, ga Zabarmawa, Arawa da Dandawa a kewaye. Wuri ne da sunan Larabci da na Hausa da na Fulatanci suka daɗe suna zama cikin gida ɗaya.

2. Sunan yanka da sunan da ake kira

Ranar bakwai, bayan sallar asuba, maza na zaune kan tabarmi a ƙofar gida, ana zagawa da goro. Uban jariri ko wansa ya matsa kusa da liman ya raɗa masa suna, a yi addu'a a shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar cewa an samu Abubakar. A yanka rago, wanzami ya shigo ya yi aski, a da har da tsagar gado. A ƙofar gida magana ta ƙare ke nan.

A cikin gida kuwa yanzu aka fara. Idan sunan kakan yaron aka mayar, uwarsa ba za ta iya buɗe baki ta ce Abubakar ba, don sunan surukinta ne. Kakarsa ma ba za ta faɗa ba, sunan mijinta ne. In ɗan fari ne, alkunya ta ƙara hana uwar. Dole a sami wani abin kira, kuma mata ne ke samo shi: daga ranar da aka haife shi, ko abin da ake ciki a garin, ko wanda ya biyo, ko yadda ya zo duniya. Sunan yanka kusan kullum na Larabci ne, wanda mai shi bai cika sanin asalin ma'anarsa ba. Sunan cikin gida kuwa da Hausa tsantsa ake gina shi, shi ya sa yake faɗawa kan kalmar da kowa ke amfani da ita. Sau da yawa shi ne ke bin mutum har kabari, na yankan sai ranar ɗaurin aure a ji shi.

Wannan rabon aiki shi ya ba sunayen Hausa damar rayuwa ƙarni da ƙarni a ƙasar da malamai ke da ƙarfi. Ba a taɓa neman liman ya yanka rago da sunan Ajuji ba, don haka ba a yi karo da shi ba.

3. Waɗanda kalmar ce da kanta

Kashi mafi yawa ba shi da wuyar ganewa. Azumi an haife ta a watan azumi, Tasallah da Sallau lokacin sallah, Anaruwa ana tsuga ruwa, Nomau ana cikin noma, Ciwake lokacin da wake ya nuna. Baƙo ya zo ne ranar da aka yi baƙi, ko an haife shi ba a gida ba. Auta shi ne na ƙarshe, ko aƙalla wanda aka zata shi ne na ƙarshe, don Autan da ke da ƙanne ba su da iyaka. Kyauta takan zo bayan an daɗe ana nema. Arzika, wanda ya fi yawa a nan yamma, ana danganta shi da haihuwar da aka sha wuya kafin a rabu lafiya. Akwai kuma waɗanda jimla ce sukutum: Nasamu, kamar a sunan tsohon gwamnan Jihar Kebbi Sa'idu Usman Nasamu Ɗakingari, da Abarshi.

Sana'a da sarauta su ma suna ba da nasu. Magaji, Galadima, Liman, Ladan da Maigari duk ana kiran yara da su, galibi don an mayar da sunan wanda ya riƙe muƙamin. Haka Alhaji: yaro bai taɓa barin unguwarsu ba, amma Alhaji ake ce masa, ko don ya zo lokacin aikin hajji ko don sunan kakansa ya ci. In Allah ya kai shi Makka sai ya zama Alhaji sau biyu, kamar Alhaji Abubakar Alhaji na Sakkwato, tsohon ministan kuɗi. A Argungu homa kayan kamun kifi ce, Homa kuma sarauta ce ta masunta. Kayan aiki ya zama sarauta, sarauta kuma ba ta da wuyar zama suna.

4. Sunayen wabi

A nan ne ƙamus ya fi yaudarar mai nazari, don haka zan ɗan tsaya.

Macen da take haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna jarirai, ita ce mai wabi. A fadamar Rima, inda sauro da ruwan gulbi suke, ba sai an yi wa kowa bayanin yadda yara ke tafiya a da ba. Idan irin wannan mace ta sake haihuwa, tsofaffin gidan kan nuna kamar ba su damu da jaririn ba. A wasu gidajen akan kai shi kan juji a ajiye na ɗan lokaci, wata ta je ta ɗauko shi kamar tsintuwa ta yi. A wasu kuma a yi kamar an sayar da shi ga wata maƙwabciya da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Daga nan sunan ke fitowa: Ajuji, Ayashe, Ajefas, Bawa. Wanda ya karanta waɗannan a jeri zai ce wulakanci ne. Alhali a gidan babu ɗan da ake ji da shi kamar wannan. An muzanta sunan ne don abin da ke ɗauke 'ya'yan ya ga babu abin ɗauka. Wasu iyayen kuma ba sa bin hanyar ɓoyo, roƙo suke yi kai tsaye: Abarshi, Abarta, Barmani, Barau, duk daga bari.

A lura da Ajefas. A Hausar Kano a jefar za a ce. Wannan s ta ƙarshe ta Hausar yamma ce, irin ta bayas da sayas, don haka sunan da kansa yana faɗin yankin da aka ƙera shi.

Ba mu kaɗai ke wannan dabara ba. Yarabawa suna da sunayen abiku irin su Malomo da Kokumo, na farko roƙo ne kada yaron ya sake tafiya, na biyu shela ce cewa wannan ba zai mutu ba. Mutanen Akan na Gana suna sa wa irin wannan yaro Donkor, wato bawa, daidai da namu. Tunani ɗaya ne a harsuna uku da ba su da dangantaka ta kusa.

To amma ko Bawa ɗin ma ba hanya ɗaya ke kai wa gare shi ba. Akwai na wabi. Akwai wanda ake nufin bawan Allah, wato ma'anar Abdullahi ce aka faɗa da Hausa. Akwai wanda kawai sunan wani Bawa aka mayar masa, ba tare da wani dalili nasa na kansa ba. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, wanda ya yi zamani da Shehu Usmanu, ɗan sarki ne jikan sarki. Saboda haka kuskure ne babba, wanda na sha gani a kundayen ɗalibai, a ɗauki sunan Bawa a matsayin shaidar cewa kakannin mutum bayi ne. Wanda ya yi wannan a rubuce bai yi ilimi ba, kuma ya ɓata wa mutane asali a banza.

Sunayen wabi su suka fi saurin ɓacewa a yau, kuma dalilai biyu ne. Na farko, allurar rigakafi da asibiti sun rage mutuwar jarirai idan aka kwatanta da zamanin kakanninmu. Na biyu, wa'azi. Malamai kan kafa hujja da cewa Annabi (SAW) ya sauya wa wasu sahabbai munanan sunaye, kamar 'yar Sayyidina Umar da ya mayar Jamila, kuma suna ganin kai jariri juji don a ruɗi mutuwa ya saɓa wa tawakkali. Tun daga shekarun 1970, da wa'azi ya shiga rediyo da kaset ya isa har ɗakunan mata, hukuncin ya tarar da sunan a inda ya daɗe yana fakewa.

5. Waɗanda kama ce kawai

Jerin sarakunan Kabi ya isa misali. A cikinsa akwai Umaru Giwa da Muhammadu Ɗan Giwa tun kafin jihadi. Wannan kalmar ce da kanta, kirari ne ya zama suna, kuma ba abin mamaki ba ne a ƙasar da babban kifinta ma giwan ruwa ake ce masa. Akwai Yusufu Mainasara, wanda ya gaji Yakubu Nabame a 1854, suna ne na fata, ko da yake a hannun mayaƙan Gwandu ya rasa ransa a 1859. Akwai Muhammadu Ba'are da ya biyo shi. Ba'are na nufin mutumin ƙasar Arawa, Arawa kuwa suna cikin waɗanda suka mara wa Nabame baya a tawayen 1849, amma sarkin da kansa ɗan gidan Lekawa ne, gidan sarautar Kabi. Sunan ƙabila a kan mutum ba ya nufin ƙabilarsa ke nan.

Sai kuma Sama. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915 kuma Turawa suka tarar da shi a kan gado, da Sama aka fi saninsa. Haka Muhammadu Sama, wanda a zamaninsa Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934, ziyarar da ake ƙirga farkon bikin kamun kifi na zamani daga gare ta. Mai ji zai iya ɗauka saman da ke bisa kanmu ake nufi, ya ce ai suna ne na ɗaukaka. A'a, Sama'ila ne aka gutsure, shi kuma daga Isma'ilu. Ita ma kalmar sama daga Larabci muka aro ta, amma tushensu daban.

Haka Sani, kamar Sarkin Kabi Muhammadu Sani da ya gaji Muhammadu Sama. Babu ruwansa da sanin abu. Lissafi ne na Larabci, na biyu, a gidan da ake da Muhammadu fiye da ɗaya: Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru. A baki ma ba ɗaya suke ba, don sunan yana jan wasalin farko, kalmar kuma tana jan na ƙarshe.

Balarabe ya fi su ban sha'awa. Ranar Laraba aka haife shi, sai harshe ya ga siffar ta yi daidai da ta mutumin ƙasar Larabawa, ya bar su a haɗe. Abin da ke tona asirin shi ne ta macen. Mace 'yar Larabawa Balarabiya ce, wadda aka haifa ranar Laraba kuwa Balaraba ce ko Laraba.

Akwai kuma akasin wannan duka, wato sunan da kalma ce a harshensa amma ya shigo Hausa ya zama suna kawai. Dikko da Sambo a Fulatanci ɗan fari ne da mai bi masa, amma a Birnin Kebbi sai ka tarar da Sambo shi ne babba a ɗakinsu. Shehu kuwa ya bi wata hanyar: kalma ce ta girmama malami, sai darajar Shehu Usmanu ta sa kowane Usman ya gaje ta tun yana cikin zanen goyo. Wani lokaci ma sunan ne ke komawa cikin magana, kamar Lafiyar Toga, sulhun da aka ƙulla wajen 1867 a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ko yadda muke cewa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai idan abu biyu ba su da bambanci.

6. Yadda baki ke rabewa

Idan an ce Baƙo ya zo, ta yaya mai ji ke sanin mutum ne mai wannan suna, ba wani baƙo ba? Newman ya nuna ƙa'idar: kalmar gama-gari idan ta zama suna, wasalinta na ƙarshe yakan gajarce. In muka ninka wasali don nuna tsawo, baaƙoo ne ya kwana a zaure, amma Baaƙo ne ɗan maƙwabcinmu. Haka doogoo da Doogo, saaboo da Saabo, azumii da Azumi. Yaro ɗan shekara biyar a Argungu yana yin wannan bambanci ba tare da an koya masa ba. Hanya ta biyu ita ce ɗafa au a kan aikatau, kamar Tunau, Mantau, Nomau, Korau da Shekarau. Wannan siffa da jin ta ka san suna ce.

Duk da haka al'ada ba ta yarda da wannan rabuwa ɗari bisa ɗari ba. Tsohuwar da sunan mijinta Dogo ba za ta ce doguwar igiya ba in tana da mafita, mai tsawo za ta ce. Wadda ta auri Musa takan guje wa mussa ta ce kyanwa, alhali kama ce kawai ta sauti. A kunnenta kalmar ta riga ta zama ta mijin. A ganina wannan fage ne da masu nazarin Hausar mata ba su ba shi haƙƙinsa ba, don a nan suna ne ke sauya kalmomin da mutum ke amfani da su har ƙarshen rayuwarsa.

7. Abin da takarda ta yi

Ajami yana da haruffan ja, don haka malami mai kula zai iya nuna dogon wasali. Boko, yadda aka daidaita shi a Zariya tun shekarun 1930, ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Babban baƙi na farkon suna kaɗai ya rage. Da aka zo fom ɗin hukuma da kwamfuta sai ƙugiya ma ta faɗi: Baƙo ya koma Bako, Ɗantani ya koma Dantani, sabo da saɓo suka zama abu guda. Karin harshe shi ma ya shiga ciki, shi ya sa sarkin da aka kora daga Birnin Kebbi a 1805 wasu littattafai ke rubuta shi Hodi, wasu Fodi.

Amma babban sauyin ba na harafi ba ne. Makarantar boko ta zo da gurbi biyu, sunanka da na mahaifinka, kuma shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya kai wannan gurbi kowane ƙauye. Malamin da ke rubuta rajista ya tambayi yaro sunan babansa, yaro ya faɗi wanda yake ji ana kira a gida, wato Tanko ko Auta ko Bawa, don shi bai ma san na yankan ba. Alƙalami ya hau, shi ke nan. Yau da lambar BVN ta 2014 da lambar NIN, wadda hukumar JAMB ta wajabta wa masu jarrabawa daga 2021, sunan da aka rubuta ya kafu, sauya shi sai da rantsuwar kotu.

Sakamakon shi ne sunan da aka ƙera don mutum ɗaya, saboda abin da ya faru ranar haihuwarsa, ya zama gadon zuriya. Tanko shi ne namijin da ya biyo mata, amma yanzu ga 'ya mace tana amsa Tanko a aji. Ɗan fari yana ɗauke da Auta. Malam Ibrahim Shekarau, gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011, ba shi ne ya shekara a ciki ba, sunan mahaifinsa ne. Ana cewa suna linzami, to wannan linzamin an ɗaura shi ne a bakin wanda ba don shi aka saƙa ba. Mai nazarin da ya ɗauki rajistar makaranta ya ƙirga Bawa da Gambo, ya ce ga yawan masu wabi da masu tagwaye a Argungu a yau, labarin kakanni ya ƙirga.

Kuma gadon nan ta gefe ɗaya yake bi. Gurbin na mahaifi ne, babu na mahaifiya. Bawa da Baƙo da Nomau sun sami mafaka a takarda ko da an daina sa su, amma Ajefas, Ayashe, Abarta, Kande da Tasallah ba su da inda za su raɓa. Mai sunan na rasuwa sunan ya bi ta, jikokinta kuwa Inna ko Hajiya kawai suka san ta da shi. Ga shi kuma mata ne suka ƙirƙiri yawancin sunayen, na mazan da na matan, su ne kuma suka riƙe dalilin kowane ɗaya. Don haka aikin tattarawa da nake ba sassan Hausa na jami'o'inmu shawara ya kamata ya fara daga cikin gida, wurin ungozoma da tsofaffin mata, sannan wanzamai, kuma ɗalibai mata su za a tura. A ɗauki murya, kada a tsaya ga rubutu, saboda tsawon wasali. A kan kowane suna a tambayi wanda ya sa shi, da abin da ake ciki a gidan lokacin, da kuma ko sunan wani aka mayar.